Daren da na ƙirga numfashin Ummi

Ranar Alhamis, 4 ga azumin 2024, na tashi ɗumamen sahur, na miƙa hannu zan gyara wa Ummi kwanciya sai na ji jikinta rau. Watanta 14 a lokacin, ba ta daɗe da sakin bango ba, kullum tana tangal-tangal a bayan yayanta har bakin zaure. Ban ɗauki abin da zafi ba. Wace uwa ce a Kano zazzaɓin yaro zai hana ta ɗumama tuwo? Na lalubo ragowar farasitamol a saman firji na ɗura mata, na koma kicin.

Da rana sai majina ta ɓalle, ga wani busasshen tari kamar ana kankare ƙwarya. Gidanmu gidan yawa ne, sassa uku: namu, na wan maigidana da matarsa, sai na Hajiya mahaifiyarsu, wadda Ummi ta ci sunanta. A irin wannan gida ciwon yaro ba ya rasa likitoci. Hajiya ta sa yatsa ta shafa dasashinta ta ce haƙori ne, turame ke tahowa. Faccalata ta ce maleriya ce, ita ta san idon mai maleriya. Maigida ne ya raba gardamar da yamma. Ya biya kemis a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa, ya ce yarinya na zazzaɓi da tari, aka haɗo masa maganin maleriya da kwalbar Septrin da maganin tari a baƙar leda. Ba wanda ya ga yarinyar, balle a tsaga yatsarta a yi gwaji.

Kwana uku muna ɗura. In an ba ta farasitamol zafin ya lafa na awa biyu ko uku, sai ya dawo kamar hutu ya je. Ranar Asabar idanunta suka kaɗa jajir, suna ta zubar ruwa, in an ɗaga labule ta kife fuska a ƙirjina tana kuka, ba ta son haske ko kaɗan. Kunu, tuwo, shayi, duk ta ture. Nono kawai take kamawa, shi ma ta ɗan tsotsa ta saki. A ranar ne, tana buɗe baki zan zuba magani, na hango wasu fararen ɗigo-ɗigo a cikin kumatunta, daidai inda turamen za su fito, ƙanana kamar an barbaɗa gishiri. Na ɗauka guntun nono ne ya maƙale. Na sa gefen zane zan goge, bai fita ba, na ƙyale shi. Ashe sallama ce baƙon ya yi mana, mu ba mu san muryarsa ba.

Daren Lahadi an ɗauke wuta, ɗaki ya yi zafi kamar tanderun gurasa. Ina shafa mata kai na ji bayan kunnenta da gefen goshi sun yi kaushi-kaushi. Na haska fitilar waya. A fatar yaranmu ƙurajen ba sa yin jan nan da ake gani a hotunan littafi, hannu ya fi ido saurin gano su. Ƙanana ne, a cure, wasu sun haɗe da juna sun yi duhu. Kafin kiran assalatu sun rufe fuskar. Wunin Litinin suka gangaro wuya da ƙirji da baya, kamar ana zuba su daga sama.

Hajiya na gani ta yi shiru, can ta ce, “Baƙo ne.” Ba ta ce ƙyanda ba, ba ta ma ƙarasa baƙon dauro ba. Nan take ta kafa dokoki. Ba wanka, ruwa kan mayar da shi ciki. A rufe taga, a lulluɓe ta. A shafe ta da farar ƙasa. Ta aika aka samo wasu saiwoyi ta jiƙa, ta ce a riƙa ba ta don ya fito duka, tunda in ya fito an tsira, in ya nutse shi ke nan. Babbar doka kuwa, kada a kuskura a kai ta inda za a yi mata allura, wai baƙon dauro da allura ba sa ga maciji. Idon da ya soma yin kwantsa yana mannewa, ta ce a bari gobe za ta sa a kawo mata wani ganye a matse a ciki.

Kafin wani ya yi wa Hajiya dariya, ya kamata ya san ’ya’ya biyu ta binne saboda wannan ciwo, kafin a haifi maigidana. Dukansu an kai su asibiti, an yi musu allura, ba su kwana biyu ba suka koma. Abin da idonta ya gani ke nan, kuma ba ƙarya ta yi ba. Abin da ba ta taɓa lissafawa ba shi ne kwana nawa suka yi a ɗaki a lulluɓe kafin a ɗauke su. Ni ma a lokacin ban yi wannan lissafin ba. Na bi doka. Na shafa farar ƙasa, na ba da jiƙo cokali biyu, na rufe taga cikin zafin Maris.

Gidan duka ido ya koma kan ƙuraje. Mai shigowa dubiya sai ya ɗaga riga ya ce, “Alhamdu lillahi, ai sun fito da kyau, an auna arziki.” Har ni na ɗan ji sanyi a raina. Ba wanda ya kalli yadda ƙirjin da ƙurajen ke kai yake hawa da sauka.

Bayan sallar asham ta daren Litinin ina zaune da ita a cinya na ji wani ɗan gurnani na fita duk sa’ad da ta sauke numfashi, hancinta yana buɗewa yana rufewa. Na ba ta nono ta kama, ta saki, ta kama, ta saki, kamar mai gudu da aka ba ruwa. Na ɗauki waya na kira Anti, ƙanwar mahaifiyata, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Ban gama bayani ba ta katse ni.

“Bar zancen ƙuraje. Tana kuka yanzu?”

Na ce a’a, ta yi lamo.

“Yauwa. Cire mata riga. Kunna agogon wayarki, minti ɗaya cur, ba rabi ba. Kalli cikinta, ya hau ya sauka ɗaya ke nan. Ƙirga, ina jira.”

Ban taɓa sanin minti ɗaya na da tsawo haka ba. Na ɗora fitila a kan matashi, farar ƙasar da ta bushe a cikinta tana tsattsagewa da kowane numfashi. Na ƙirga na samu 54. Na ce ko na yi kuskure, na sake, 56.

Anti ta ce, “Yaro daga shekara 1 zuwa 5, in yana kwance shiru ya kai 40 a minti, numfashinsa ya yi sauri. Ɗan wata 2 zuwa 11, 50. Duba ƙasan haƙarƙarinta, in ta ja numfashi yana lotsawa ciki?” Na duba, yana lotsawa, har wani rami yake yi. Ta ce, “Nimoniya ce ta shigo a bayan ƙyandar. ’Yata, kada ki jira gari ya waye. Ba ni mijinki.”

Ban san me ta faɗa masa ba, na dai ga ya zura riga. Sauran aiki ɗaya, sashen Hajiya. Ni suruka ce, ba ni da bakin wannan magana. Shi ya shiga ya durƙusa, ina tsaye a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa ina jin su. Ya ce, “Hajiya, a yi mana izini mu kai takwararki asibiti, numfashinta ba daidai yake ba.” Ta daɗe ba ta tanka ba. Sannan ta ce a miƙo mata ita. Ta kara kunnenta a ƙirjin yarinyar, ta ɗago, ta ce, “Ɗauko min hijabina. Da ni za a je, in ga wanda zai soka mata allura.”

Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ne, shi muka tasa. Wajen ƙarfe 11 muka isa sashen gaggawa na yara. Maigida ya tafi yankar kati, ni na zauna a benci cikin sauran mata. Ko minti biyu ban yi ba wata nas ta zo wucewa, ta dubi idon Ummi, ta ɗaga mayafin da na rufe ta, ta ce, “Taso, taso, ba nan za ki zauna ba.” Na ji haushi, na ɗauka ƙyama ce. Ta kai mu wani ɗan ɗaki a gefe, tana aiki tana yi min bayani: ƙyanda ta iska take bi, in mai ita ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayar cutar kan iya kai awa 2 tana yawo a wurin, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, kusan 9 sai sun kamu. A bencin da na zauna akwai jarirai ’yan wata biyu da uku. Haushin ya koma kunya.

Aka ɗora ta a sikeli, kilo 8.4. Ma’aunin zafi ya nuna 39.7. Aka maƙala mata wani ɗan abu mai jan haske a babban yatsan ƙafa, lamba ta fito 88, nas ta ce iskar da ke cikin jininta ta yi ƙasa, nan da nan aka sa mata siririyar robar oksijin a hanci. Aka tsaga yatsa aka ɗiga jini a ɗan allon gwajin maleriya. Bayan kamar minti 15 layi ɗaya ya fito. Babu maleriya. Kwana huɗu muna yaƙi da abin da ba ya nan.

Likitan matashi ne, da alamar bai yi barci ba. Ya gaida Hajiya da ladabi, sannan ya juyo kaina da tambayoyi, bi da bi. Yaushe zazzaɓin ya fara? Kwana nawa tsakaninsa da ƙurajen? Daga ina suka soma, fuska ko ciki? Suna da ruwa a ciki? Tana susa? Wane magani aka ba ta, kuma kafin ƙurajen ne ko bayansu? Ta yi jijjiga? Na ga tambayoyin sun yi yawa ga abin da kowace tsohuwa ta gane da kallo ɗaya. Ya ce ba duk zazzaɓi da ƙuraje ne ƙyanda ba. Farankama, wadda wasu ke ce wa ƙarambau, ƙurajenta masu ruwa ne, ga ƙaiƙayi, sun fi yawa a gangar jiki, kuma za ka ga sabo da busasshe a lokaci guda. Ƙurajen zafi suna bin wuya da matsematsi, ba sa zuwa da zazzaɓi mai ƙarfi. Akwai wani ciwon na ƙananan yara da zazzaɓi kan yi kwana uku ya sauka, sannan ƙuraje su fito yaro yana wasansa. Magani ma kan jawo ƙuraje, kuma Septrin ɗin da muka ba ta yana cikin waɗanda aka sani da haka, shi ya sa ya ce a dakatar da shi.

Sai ya ɗauki kofin gilashi ya danna a cinyarta yana leƙawa ta ciki. Ƙurajen suka dushe a ƙarƙashin gilashin, ya ɗaga suka dawo. Ya ce wannan yake nema. Ɗigon da ba ya dushewa in an danna, mai kama da jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, in ya haɗu da zazzaɓi yana iya zama alamar ƙwayar sanƙarau ta shiga jini, shi kuwa ba ya ba da awanni masu yawa. A baƙar fata a duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido, nan ya fi fitowa. Ya lanƙwasa wuyanta, ya tafi lafiya. Ya haska bakinta, na ba shi labarin gishirin da na gani ranar Asabar. Ya ce wannan alama ce ta ƙyanda ita kaɗai, takan riga ƙuraje fitowa da kwana ɗaya ko biyu, ta ɓace bayan sun fito.

Sannan ya yi tambayar da nake gudu. “Maman Ummi, ina katin rigakafinta?”

Yana cikin jakata. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, na miƙa. Komai a cike yake, ta haihuwa, ta sati 6, sati 10, sati 14. Layin wata 9 fari fat. A watan Oktoba ya kamata a yi mata. Ranar da zan kai ta tana ɗan mura, na ce ai ba a yi wa mara lafiya allura, bari ta warke. Ta warke, jarrabawar ɗalibaina ta taso, sanyi ya shigo, na yi ta cewa sati mai zuwa. Abin da ya ƙara kwantar min da hankali, masu bi gida-gida sun zo sun ɗiga mata a baki, sun shafa mata alama a ƙaramin yatsa, sai nake jin ai ana yi mata rigakafi. Likitan ya ce wancan ɗigon na shan inna ne kawai. Ta ƙyanda allura ce a damtse, a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma ɗan mura ba ya hana a yi. Bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da ya tambayi inda muka je makonni biyu da suka wuce, sai na tuna bikin ƙanwar faccalata, cikin bukukuwan nan da ake turmutsutsun gamawa kafin azumi. Ɗaki ɗaya aka tara yara, akwai wani yaro mai jajayen ido yana ta tari, uwarsa ta ce ƙura ce. Kwana 11 ke nan kafin zazzaɓin Ummi. Likita ya ce lissafin ya yi daidai, takan yi kwana 10 zuwa 14 a jiki shiru, kuma mai ita yana yaɗawa tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan sun fito. Wato lokacin da ya fi raba ta, ba wanda ya san yana ɗauke da ita.

Nas ta shigo da tire, Hajiya ta ga sirinji ta miƙe. “Ɗan nan, ban da allura. Zai nutse.”

Na zaci zai yi mata irin amsar da ake yi wa tsofaffi a asibiti. Sai ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Ya ce, “Mama, kin yi gaskiya a abu ɗaya, baƙon dauro ba shi da allurar da ke kashe shi, kwanakinsa yake yi ya tafi. Wannan ba tasa ba ce. Ya buɗe ƙofa ne wani ciwon ya shiga huhunta, shi za mu kora. Ƙurajen da kike gani ba su ke kisa ba, kuma ba inda suke nutsewa. Huhu ne da gudawa.” Hajiya ta dube shi ta dubi robar da ke hancin jikarta. Ta ce, “Nawa biyun ma da haki suka tafi.” Ta koma ta zauna, ta juya fuska bango, tana jan carbi har aka gama neman jijiya.

Aka ba mu gado a ɗakin da aka ware, mu huɗu, kowa da mai ƙyanda. A daren nas ta kawo wani ɗan jan ƙwanso mai wutsiya, ta yanke wutsiyar da almakashi ta matse man a bakin Ummi. Bitamin A ne. Ta ce ja na ’yan shekara ɗaya zuwa sama ne, shuɗi na ’yan wata 6 zuwa 11, kuma sau biyu ake bayarwa, yau da gobe. Ƙyanda na cinye bitamin A na jikin yaro, shi ya sa take taɓa ido har ta makantar.

Ban fahimci nauyin wannan magana ba sai da gari ya waye na ga yaron gadon da ke kallon namu, ɗan shekara biyu da aka kawo daga wani ƙauye. Ƙurajensa har sun bushe. Idonsa na hagu baƙin ya yi fari kamar an ɗiga nono a kai. Kakarsa ta ce da idon ya manne sun matsa masa ruwan ganye, da bai yi ba suka sa kwalli. Hajiya na zaune a tabarma tana ji. Ba ta ce komai ba, ni ma ban dube ta ba. Da nas ta zo nuna min yadda ake wanke ido, auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa, sannan a ja fatar ƙasa a zuba man ido, Hajiya ce ta matso ta riƙe kan yarinyar.

Wanka kuwa sai da aka yi ƙaramin yaƙi. Nas ta ce a wanke farar ƙasar nan tas, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai sanyi ba, a sa mata riga marar nauyi, a bar taga a buɗe. Lulluɓe mai zazzaɓi ƙara masa wuta ne. Hajiya ta ce ita dai ba da hannunta ba. Na yi wankan gabana na faɗuwa, don duk karatuna wani ɓangare na zuciyata yana tare da ita. Bayan wankan Ummi ta yi barcin awa uku, irin wanda rabonta da shi tun Alhamis. Da ta farka Hajiya ta ɗaga rigar ta duba. Suna nan, har sun kai tafin ƙafa.

Sauran kwanakin aiki ne na agogo. Allura ta robar hannu a kan lokaci. Farasitamol da sirinji ake aunawa gwargwadon nauyinta, mil 5 na irin kwalbar da aka ba mu, ba a maimaitawa sai bayan awa 6, ba irin ɗurar da nake yi da murfin kwalba ba. Aka ja min kunne kan asfirin, ba a ba yaro mai irin wannan zazzaɓi. Bakinta ya yi gyambo, ana shafa mata shuɗin maganin nan GV, ta koma kamar ta sha tawada. Ranar Laraba gudawa ta zo, aka haɗa mata ruwan gishiri da sukari na takarda. Tamu ta lita ɗaya ce, ledar fiya wata biyu ke nan, ana ba ta cokali-cokali, da ƙwayar zinc da za ta sha kullum har kwana 10. Nono kuwa aka ce kada in ƙirga, duk sa’ad da ta nema. Ina azumi ga zafi ga tashin hankali, nonon ya ja baya. Hajiya da kanta ta miƙo min kofin kunu da rana tsaka ta ce, “Sha, ’yar nan. Allah ya yi wa mai shayarwa sauƙi, kya rama.”

Ni kuma na kamu da ciwon ƙirga. Dare da rana agogon waya na hannuna. Talata 52. Laraba 47. Ranar Alhamis da asuba na samu 38, na sake ƙirgawa sau uku, sannan na fita baranda na yi kukan da ban samu sararin yi ba. A ranar aka cire oksijin. A ranar kuma wani jami’in sa ido kan cututtuka daga ƙaramar hukuma ya zo da fom, ya ɗauki jininta kaɗan, ya tambayi unguwarmu da yawan yaran gidan, ya ce ƙyanda na cikin cututtukan da dole a kai rahotonsu. Ya tambayi yayanta. Shekararsa huɗu, katifa ɗaya suke kwana, kofi ɗaya suke sha, ko atishawa bai yi ba. Shi ɗan fari ne, lokacinsa ba na tsallake ko layi ɗaya a kati, duka biyun an yi masa.

Ranar Asabar aka sallame mu. Ƙurajen sun dushe ta yadda suka zo, daga fuska zuwa ƙasa, suka bar duhu-duhu, fatar tana saɓa tana zuba a zanen gado kamar dusa. Sikeli ya nuna 7.7. Wuyanta ya yi tsawo, ta manta tafiya, ta koma rarrafe. Nas ɗin da ta tashe ni daga benci ita ta yi mana bayanin tafiya gida. Ta ce kada mu ɗauka an gama, ƙyanda takan raunana garkuwar jikin yaro na tsawon watanni, ciwon da da zai ture sai ya kayar da shi, nan ne tamowa ke samun shiga. A ƙara mata ci sau ɗaya a kan yadda ta saba: kunun gyaɗa, ƙwai, hanta, zogale, miya da manja, gwanda, mangwaro tunda ya fara shigowa. In kunne ya soma zubar ruwa, ko ido ya yi hazo, ko hakin ya dawo, ko ta ƙi shan komai, ko barci ya yi mata nauyin da ba a iya tashinta, a dawo ko tsakar dare ne. Ta ce wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi, amma layin wata 9 ba ita kaɗai ce a kai ba, akwai ta shawara da ta sanƙarau, in ta murmure a kawo ta.

Kwana uku da dawowarmu, ina ninke kayan wanki bayan asham, na ji ana taɓa ƙofa a hankali. Faccalata ce, da ɗanta ɗan wata 8 a kafaɗa, wanda ko lokacin allurarsa bai yi ba. Tun ranar farko da Ummi ta soma zazzaɓi yana sashenmu, ni ce ma nake goya shi in uwarsa na girki. Idonsa ya kaɗa, hanci na zuba. Ta ce, “Maman Ummi, don Allah zo ki ƙirga min, ni hannuna rawa yake.”

Muka kwantar da shi a katifa, na cire masa riga, na kunna agogo. Ita tana riƙe da fitila. Na samu 43. Na ce mata nasa ma’aunin 50 ne, bai kai ba. Na buɗe bakinsa na haska cikin kumatu, ga gishirin nan a barbaɗe. Jikinsa sumul, ko ƙurji ɗaya babu tukuna.

Ta ce, “To mu bari su fito mu gani?”

Kafin in ba ta amsa muka ji takun sandar Hajiya a tsakar gida, da hijabinta a jiki, tana ƙwala wa yayan Ummi kira ya je ya buga wa mai adaidaita ƙofa. Ta leƙo ta ce da faccalata, “Ɗauko katinsa. Ki ce musu shuɗin za su ba shi, ba jan ba.”